Safi da Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Ludayi yana zagaya ƙwarya, fura tana narkewa cikin nono, Safi tana durƙushe ta ba ƙofa baya. Haka take damu kullum da hantsi. In ta gama sai ta rufe da faifai, ta kai ƙofar ɗakin uwar mijinta, ta rusuna ta ce ga fura. Tsohuwar, wadda duk Urafan ke kira Iya Bintu, takan tambaye ta ko ta ɗebi tata. Safi takan ce tata tana ɗaki. Shekara takwas ana wannan tambaya ana ba da wannan amsa, ba wanda ya ga abin dubawa a ciki. Matar ɗa ba ta cin abinci a gaban uwar miji. Balle Safi, ƴar Fulani makiyayan wajen Isawan, inda ko tauna a gaban babba abin kunya ne. A bakin rijiya mata na yabonta, suna cewa tun da aka kawo ta garin ba mahalukin da ya ga loma ta shiga bakinta.

Su biyu ne a gidan. Ɗaki na uku an jingine masa zana a ƙofa tun ranar da Mumuni, mijin Safi, ɗan Iya ɗaya tilo da ya rayu, ya rataya gora ya nufi kudu. Kaza takan yi ƙwai a can ciki. Ban da ita ba mai shiga.

Idan Iya ta sha furarta ta ɗauki kwando ta tafi roron wake, gidan sai ya yi tsit, har a ji karan danga yana ƙara a rana. A nan ne abin yake taso wa Safi. Wani lokaci takan yi kwana biyar lafiya, har ta fara zaton ya tafi. Ran nan sai ta ji rami ya buɗe a ƙasan ƙirjinta. Ba yunwa ba ce, don ta san yunwa sanin da ba za ta rikita ta da wani abu ba. Sai ta shiga ɗaki ta saki asabari. Ta fara da furar da ta ce tata ce. Ta bi da tuwon jiya mai sanyi, ba miya. Ta kankare ƙanzon tukunya, ta ci gumbar da aka ajiye don gobe. A tsaye take ci, fuskarta ga bango, da sauri kamar wadda ake jira a waje. Ba ta jin ɗanɗano, ba ta kuma iya tsayawa sai ƙwarya ta ƙare ko numfashi ya gagara.

Daga nan kunya ta rufe ta. Sai ta zagaya bayan rumbu, ta durƙusa, ta sa yatsu biyu a maƙogwaro. In ta gama ta tura rairayi da ƙafa ta rufe, ta kurkure baki da ruwan toka, ta tauna kanumfari. Na ɗan lokaci takan ji jikinta sakayau, kamar an sauke mata dami. Sa'an nan sanyi ya kama ta ko da rana na tsaka, ta kwanta tana rantse wa kanta wannan ne na ƙarshe, gobe azumi za ta ɗauka. Tana kuwa ɗauka. Litinin da Alhamis ba sa wuce ta, har liman ya taɓa ba da misali da ita. Ranar kasuwa takan nemi ganyen filasko ta ce na wankin ciki ne. Abincin da ke ɓacewa kuwa, akuyar Inusa maƙwabcinsu ce ta ɗauki laifin. Ta sha jifa da taɓarya a hannun Iya, Inusa yana ta ba da haƙuri, yana cewa shi ma bai san inda ta koyo buɗe faifai ba.

Abin ya faro tun tana ƴar shekara goma sha biyu, a 1974, bazarar da shanu suka kwanta a kan hanya ba su tashi ba. Ubanta ya kora ƴan da suka rage ya yi gaba. Uwar ta goya ƙaramar ɗiyarta Biba, ta ja hannun Safi, suka gangaro Mayahi da ƙafa, suka kafa tabarmi biyu a bakin Gulbin Kaba tare da ɗaruruwan irinsu. A lokacin ne sojoji suka karɓi mulki a Yamai, manyan motocin kamiyo suka fara isowa da buhunan jar dawa da garin madara. Ana dama kunu a rabin tano, wato gangar ƙarfe, ana ba kowane yaro ludayi guda. Biba ƙyanda ta kama ta, ba ta iya tsayuwa a layi, uwar kuma ba ta iya barinta. Safi ce ke zuwa da gwangwani ta karɓo ludayi biyu, nata da na ƙanwarta.

Tsakanin wurin rabo da tabarminsu akwai kurmin kaba. Ranar farko ta tsaya a nan ta sha nata, ta kurɓi na Biba sau ɗaya. Rana ta biyu ta sha rabin na Biba ta cika da ruwa. Rana ta uku ta ɗaga gwangwanin, ba ta sauke shi ba sai da ta ga gindinsa. Ta isa ta ce wa uwar kunu ya ƙare kafin layi ya zo kanta. Uwar ta dubi gwangwanin, ta dubi leɓen Safi, ta kau da kai. Ba ta ce komai ba a ranar, ba ta kuma ce ba har ta bar duniya shekara huɗu bayan haka. Biba ta cika bayan kwana biyu. Aka naɗe ta a rabin zane.

Da aka dawo daga rufe ta, wata mata ta miƙo musu ɗan dambu. Uwar ba ta taɓa ba. Safi ta cinye tas, cikinta ya cika karon farko cikin wata biyar, cikar kuma ta zame mata abin da ba ta iya ɗauka. Ta koma cikin kaba ta dawo da shi. Da ta miƙe sai ta ji kamar ta mayar da abin da ba nata ba. Tun daga ranar jikinta ya koyi hanyar.

Ta ƙarasa girma a hannun goggonta a wata ruga kusa da Urafan, tana kai nono kasuwa. A can Mumuni ya gan ta. Manomi ne mai yawan dariya, wanda ba ya wuce mutum bai tsokane shi ba. Wata bakwai yana sayen nonon da ba ya sha kafin ta yarda ta ɗaga ido. Shi kaɗai ne mutumin da Safi ta taɓa cin abinci a gabansa. Ran kasuwa yakan shigo da tsire a ganye, ya zauna a bakin gado ya ce ba zai tashi ba sai ya ga yadda Fulani ke haɗiya, don an gaya masa iska kawai suke sha. Takan rufe fuska da gefen zane tana dariya tana ci. In ta gama ba ya barinta ta tashi, sai ya kama labarin jakin da ya kayar da mai gari a gaban baƙi, har abincin ya zauna. Bai san yana yi mata magani ba. Shekara uku abin ya lafa.

Sai daminar 1984 ta zo ta wuce kamar baƙon da ya ƙi zama. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Aka koma jiƙa ƴaƴan anza masu ɗaci, ana tonon gidan tururuwa don neman ƙwayar hatsi. An rufe iyakar kudu a lokacin, amma maza na bi ta daji, Mumuni ya bi su. Saƙonsa ya zo sau ɗaya, cewa yana dako a wata tasha kuma yana gai da Iya. Bayan nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da aka koro baƙi daga can ana sauke su a Tasawa, Iya ta taka har can ta dudduba fuskoki kwana uku, ta dawo ita kaɗai.

Lokacin da ya tafi, wata uku ke nan Safi ba ta ga al'adarta ba. Mata da yawa ba su gani ba a shekarar, yunwa ce ta ɗauke. Amma Iya ta ce ciki ne. Wata tara ya wuce, shekara ta zagayo, ciki bai fito ba. Tsofaffin unguwa suka ce ai wannan sananne ne, ciki ne ya kwanta. Firgita da yunwa kan sa ɗa ya naɗe a cikin uwarsa ya yi barci, shekara biyu, shekara biyar, sai ranar da hankali ya kwanta abinci ya wadata ya motsa. Ko da jini ya riƙa dawo wa Safi jefi-jefi, sai aka ce shi ne ke hana shi tashi. Iya ta riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Ba ta faɗin sunan ɗanta, da yake ɗan fari ne, "wancan" take ce masa. Amma takan tsaya tana kallon cikin Safi, kallon da ake yi wa ƙofar ɗakin da wani ke barci a ciki. Sau biyu dangin Safi suna zuwa su tafi da ita a raba auren, sau biyu Iya tana cewa ba a raba aure da ciki. Safi ta sunkuyar da kai ba ta ƙaryata ba. Ba ta san inda za ta je ba in ta fita, ta kuma san ba wanda zai kai wa tsohuwar fura ƙofar ɗaki.

Yau likitoci suna da suna ga wannan ciwo, bulimiya suke ce masa, kuma sun ce na zuciya ne kafin ya zama na ciki. Mutum ya ci abin da ya fi ƙarfinsa a ɓoye, ya kasa tsayawa, sa'an nan ya tilasta wa jikinsa fitarwa, da amai ko maganin gudawa ko azumin da ya wuce kima. Mai shi ba lallai ya rame ba, shi ya sa ake zama da shi shekaru ba a gane ba. A Urafan ta wancan lokaci ba mai wannan suna. A ƙasar da aka binne yara saboda rashin loma guda, wa zai yi tunanin akwai mai ci ta zubar? Safi ta ɗauka ita kaɗai Allah ya halitta haka, ta kuma tabbata ranar da aka sani ba mai sake karɓar ruwa daga hannunta.

Daminar 1988 ta yi kyan da tsofaffi suka ce sun manta irinsa. Wani sojan ne ke mulki, na farkon ya rasu, amma a Urafan zancen dami ake yi. Rumbuna suka cika har aka yi sababbi, ana gasa tumu a kowane murhu. Ga kowa wannan sauƙi ne. Ga Safi kuwa, kowace kusurwa ta gidan akwai abin da ke kiranta. Abin da ke zuwa sau ɗaya a mako ya koma kullum.

Wata Talata Iya ta taka ƙaya a gona ta dawo tun kafin azahar. Ta ji kakari a bayan rumbu, ta ɗingisa ta leƙa. Safi na durƙushe, idanunta sun yi ja. Ta ɗago suka haɗa ido. Shekara goma sha huɗu tana jiran wannan rana, ta ma san kalmomin da za a faɗa mata. Ta zauna tana jiransu.

Iya ta saki kwandon. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta ɗaga tafuka sama.

"Ya tashi," in ji ta. "Ɗiyata, ya tashi. Ban ce miki in aka ƙoshi zai tashi ba?"

Safi ta buɗe baki. Kafin magana ta fito, tsohuwar ta matso da gwiwa, ta kama gefen zanenta ta share mata baki, ta share mata ido, ta riƙe fuskarta da hannu biyu masu kaushi. Tun rasuwar uwarta ba macen da ta taɓa mata fuska. Safi ta rufe bakin.

Iya ta ce kada a gaya wa kowa saboda baki. Kafin kwana uku har masu kawo nono daga ruga sun sani. Mata suka riƙa shigowa da tsamiya da goriba da ɗanyar yakuwa. Matar Inusa ta ce dama ta lura kumatun Safi sun ciko ta ƙasan kunne, muryarta ta dushe, ga jiri in ta miƙe, ai duk alamu ne. Iya ta karɓe taɓarya daga hannunta, ta hana ta azumi, ta kuma yi abin da ba a taɓa ji ba: ta ce kunya ta ƙare, daga yau akushi ɗaya za su sa hannu don ta ga abin da jikanta ke ci. Safi takan yi loma uku ta janye hannu. Ramin sai ya jira gidan ya yi shiru, ya taso da ƙarfin da ya fi na da.

Yanzu ba ta ma bukatar ɓoye aman. In Iya ta ji kakari sai ta zo da buta, ta dafa mata goshi tana yi mata sannu, tana cewa wancan ma haka ya wahalar da ita, wata biyar ko ruwa ba ya zama. Safi takan juya baya don kada a ga yatsun. Da ta manyanta ta fara ba da labarin ga matan da ke zama wurinta, ta ce duk shekarun ɓoyon ba ta taɓa jin kaɗaici kamar na waɗannan watanni ba, da ake riƙe da kanta ana sa mata albarka.

Sai Iya ta fara tara itacen wanka. Mai jego tana wankan ruwan zafi safe da yamma kwana arba'in, tara itacen kuma aikin miji ne tun ciki na ƙarami. Miji ba ya nan. Inusa ya ce zai yi, Iya ta ce ba ɗan wani ba ne zai ɗora wa jikanta ruwa. Fari biyu sun cinye dajin da ke kusa, ma'aikatan gandun daji kuma sun hana sarar ɗanye, sai an yi nisa ake samun busasshen kalgo da sabara. Tsohuwar da ta haura sittin takan fita da sassafe da igiya da gammo, ta dawo rana tsaka da ɗan ƙullin da bai fi na yarinya ba, ta jera shi a gindin danga, ta tsaya tana auna tsayinsa da ido. Ya kai gwiwa. Ya kai ƙugu. Ƙafar da ƙaya ta soka ta kumbura, Iya ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Kullum Safi takan ce yau za ta faɗa, in ta ji tsohuwar na ɗingishi tana ƴar waƙa a ƙasan maƙoshi sai ta bari sai gobe. Shekara huɗu ba a ji Iya na waƙa ba.

A wata na uku aka kawo Iya a amalanken Inusa. An tsince ta a hanyar daji, ta faɗi da kayan a kanta, ba ta kuma yarda an taho an bar itacen ba. Da ta dawo hayyacinta ta ce jibi za ta koma, saura kaɗan. Matar Inusa ta ce, tunda za a kira Zara'u ta duba ƙafar, sai ta duba mai cikin gaba ɗaya, don ciki wata uku da tashi ya kamata a ce ya fara turo zane.

Zara'u ungozoma ce, rabin garin a hannunta suka faɗo. An taɓa kai ta horo Tasawa aka ba ta ƙaramin akwati da almakashi da sabulu, tana yawo da shi a ka kamar mai talla. Babarbariya ce, abokiyar wasan Fulani, don haka Bafillace ba ya wuce ta bai sha tsiya ba. Ta wanke ƙafar Iya ta ɗaure, ta zaunar da ita a inuwa, ta ce in ta motsa za ta yanke ƙafar da almakashin gwamnati. Sa'an nan ta tura Safi ɗaki ta bi ta.

"Kwanta, baiwata. Mu ga ɗan da ya fi kowa barci a ƙasar Tasawa. Halin iyayenki ya ɗauko, a kwanta gindin itace a bar shanu su ci gonar mutane."

Safi takan rama irin wannan, ta ce Barebari ba su san komai ba sai jakin kanwa. Yau ba ta rama ba. Zara'u ta danna nan, ta danna can, ta kara kunne, ta daɗe. Tsiyar ta ƙare a bakinta. Ta ce Safi ta tashi zaune ta buɗe baki. Ta ga haƙoran gaba sun cinye ta ciki kamar an goge su da dutse. Ta taɓa kumburin ƙasan kunnuwa. Ta kama hannun dama ta juya shi, ta shafa bayan yatsu biyu inda fata ta yi kauri ta yi baƙi, daidai inda haƙori ke gurza. Ba ta saki hannun ba.

"Mai laulayi, amai ke zuwa ya same ta," ta ce a hankali. "Ke kuwa ke ce ke zuwa ki ɗauko shi. Tun yaushe?"

Safi ta ce tun Mayahi. Ba ta yi niyyar ƙarawa ba, amma sauran ya biyo. Ta faɗi Biba, ta faɗi kwana ukun, ta faɗi kallon da uwar ta yi mata. Ta faɗa ba kuka, idonta a kan akwatin, kamar tana ba da labarin wata da ta sani a nesa. Da ta gama ta jira a sakar mata hannu.

Zara'u ta ce ita a shekarar tana sansanin Tasawa, ita ke wanke yaran da ƙyanda ta ɗauka. Ta wanke waɗanda ba su sami kunu ba, ta wanke waɗanda aka ɗura musu kunu har numfashin ƙarshe. Ba za ta rantse ludayi ɗaya ba ya da amfani ba, wannan sanin na Allah ne. Ta tambayi Safi shekarunta nawa a lokacin, da ta ji sai ta girgiza kai.

"Yarinya mai yunwa ta sha kunu. Shi ke nan abin da ya faru. Ke kuma kin kama ta kin tsare shekara goma sha huɗu kina duka. Ko soja bai tsare mutum haka."

Ta ce ba ta da maganin wannan a akwatinta, ba za ta kuma yi mata ƙaryar wata saiwar magani ba. Abin da ta gane, abin yana son ɗakin da ba kowa. Saboda haka daga gobe Safi ta riƙa zuwa gidanta da hantsi su ci tare, ta zauna tana taya ta kaɗin auduga har la'asar, ba zagayawa bayan komai. Tsakanin Bafillata da Babarbariya ai ba kunya. In ya taso mata a zaune ta faɗa da baki, ko da zagi ne. Ranar da aka kasa, a sake gobe. In jirin ya ƙaru za ta kai ta wurin likita a Tasawa da kanta.

Daga waje Iya ta ɗaga murya tana tambaya ko lafiya, sun daɗe. Zara'u ta ce ta yi haƙuri, Fulani ko kwanciya sai an lallashe su. Sa'an nan ta rage murya.

"Saura tsohuwa. Ina iya fita in ce mata ya koma ya kwanta. Ba mai ƙaryata ni a garin nan. Ta yi kukanta na kwana biyu ta ci gaba da jira, ke kuma asirinki na nan a rufe."

Safi ta auna maganar. Ta ga yadda wannan hanya za ta kasance. Iya za ta warke, wata kakar ta sake jin kakari, ta sake ɗaukar igiya ta nufi daji, har ranar da za a dawo da ita a rufe. Ta ga kuma ɗaya hanyar. Tsohuwar za ta rasa ɗanta yau a karo na biyu, kuma mai yiwuwa gobe ta aika a kira dangin Safi su zo su tafi da ita.

"Ba za ta sake zuwa daji saboda ni ba," in ji Safi.

Zara'u ta tambaye ta, to wa zai faɗa. Ta ce ita ta saba kai irin wannan labari, ba zai zame mata sabon abu ba.

"Ni zan faɗa, Inna. Ke dai ki tsaya kusa, kada ta faɗi."

"Tana zaune, ina za ta faɗa? Ke ce dai ƙafarki ke rawa."

Safi ta dafa bango ta miƙe, ta jira jirin ya wuce. Ta gyara ɗaurin zane, ta ɗaura kallabi. Iya ta sake kira daga waje, muryarta cike da ɗoki. Safi ta amsa mata, ta sunkuya ta fita.